Daga Hoton Waya Zuwa Zane: Lissafin Da Ke Ɓoye A Bayan Allo

A ce wata ɗaliba ce ta fito tsakar gida bayan sallar La'asar, ta tarar hasken rana ya ratso ta cikin ganyen darbejiya ya sauka a kan tulun da ke gindin bishiyar. Ta zaro wayar salula ta ɗauki hotonsa. Abin da ya fito ba wani abin a zo a gani ba ne: tulu ne da moɗa a bakinsa, ga igiyar shanya ta gitta ta baya. Sai ta buɗe wata manhaja ta gyaran hoto, ta datse gefen da igiyar take, ta ƙara wa inuwa duhu, sannan ta taɓa wani maɓalli. Kafin ƙiftawar ido tulun ya koma tamkar zanen da wani gwani ya kwana uku yana yi da buroshi da fenti.

Miliyoyin mutane suna yin irin wannan a kullum, amma kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su tambayi abin da ya faru a cikin wayar. Babu fenti a cikinta, babu buroshi. Abin da ya faru lissafi ne, kuma mafi yawansa bai wuce tarawa da debewa da ninkawa da rabawa ba, waɗanda ake koyarwa tun a firamare. Sanin wannan lissafi yana da amfani biyu ga ɗalibi. Na farko, zai iya sarrafa manhajar da gangan maimakon lalube. Na biyu, zai san iya gwargwadon yardar da ta kamata ya ba duk hoton da ya gani.

Yadda Haske Yake Zama Lamba

Tushen kowace kyamara shi ne ɗaki mai duhu da ƙaramin rami a bangonsa. Masanin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen shekarar 965 kuma ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi gwaje-gwaje da irin wannan ɗaki, ya nuna cewa haske yana tafiya ne a miƙe, shi ya sa surar abin da ke waje take bayyana a kife a jikin bangon ciki. Sai dai kama wannan sura ta zauna daram ya ɗauki ƙarnuka. Hoton da ya fi kowane tsufa cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara kuma suka tsira zuwa yau shi ne wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826 zuwa 1827, bayan ya bar wani faranti mai sinadari yana shan haske na aƙalla sa'o'i takwas.

Wayar salula ba ta amfani da sinadari. A bayan gilashin kyamararta akwai wani ɗan allo na silikon wanda bai kai girman farcen babban yatsa ba, an rarraba shi zuwa miliyoyin ƙananan gidaje. Kowane gida yana tara hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi wutar lantarki, wayar kuma ta auna wutar ta rubuta ta da lamba. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro na'urar farko ta wannan fanni a 1969, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset.

Wannan ɗigo, wanda ake kira fiksil, shi ne tubalin ginin hoto. Hoton waya mai ɗigo miliyan 12 jadawali ne mai gidaje 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. A kowane gida akwai lambobi uku: ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, kowacce tsakanin 0 da 255. Idan duka ukun sifiri ne, ɗigon baƙi ne ƙirin. Idan duka 255 ne, fari ne fat. Ja 255 da kore 255 da shuɗi 0 suna ba da rawaya. Da yake kowace lamba tana da matakai 256, launukan da za a iya haɗawa sun kai 256 sau 256 sau 256, wato 16,777,216. Ashe hoton tulun nan jerin lambobi ne har miliyan 36.

Akwai wani abin lura a nan. Gidajen da ke kan allon silikon suna auna yawan haske ne kawai, ba su san launi ba. Don haka ake lulluɓe su da wani tsari na ƙananan matatai wanda Bryce Bayer ya yi wa rajista a 1976: rabin gidajen suna ganin kore, kashi ɗaya bisa huɗu ja, sauran kuma shuɗi. Tun da kowane gida launi ɗaya yake gani, wayar ce take kintatar sauran biyun daga gidajen da ke maƙwabtaka da shi. Bugu da ƙari, wayoyi da yawa suna ɗaukar hotuna da dama a jere cikin ƙasa da daƙiƙa guda, su haɗe su su zama ɗaya. Saboda haka hoton da ake cewa ba a taɓa shi ba, shi ma ya sha lissafi tun kafin mai shi ya gan shi.

Ɗakin Duhu Ya Koma Aljihu

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masu wankin hoto na da, a ɗakunansu masu duhu, sukan tare haske da hannu ko da guntun kwali don wani sashe na katin ya fito da haske, su kuma bar wani sashen ya daɗe yana shan haske don ya yi duhu. Ba'amurken nan Ansel Adams ya shahara da wannan. Hotonsa na fitowar wata a kan wani ƙauye mai suna Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya yi ta sake wanke shi shekara da shekaru, sararin samaniyar yana ƙara duhu a hannunsa. Wasu kuma sukan bi hoton baƙi da fari da siririn buroshi su sa masa launi.

Kwamfuta ta shigo fagen ne a 1957, lokacin da Russell Kirsch na hukumar ma'aunai ta Amurka ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin na'ura, a jadawali mai ɗigo 176 a kwance da 176 a tsaye. A 1964 kumbon Ranger 7 ya aiko da hotunan duniyar wata, masana kuma suka yi amfani da kwamfuta wajen gyara karkata da dabbare-dabbaren da ke cikinsu. Wato dabarun da ake ƙawata hoton biki da su a yau suna da dangantaka da binciken sararin samaniya. A 1990 manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka rubuta, ta fito kasuwa. A 2010 Instagram ta zo da matatan launi da ake ɗorawa da taɓawa ɗaya, Snapseed ta biyo baya a 2011. Aikin da a da yake bukatar ɗaki da sinadarai da shekarun koyo ya dawo cikin aljihu.

Lissafin Da Ke Bayan Maɓalli

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar manhajar gyaran hoto ita ce a ɗauki maɓallanta ɗaya bayan ɗaya a ga abin da kowanne yake yi wa lambobi.

Ƙara haske tarawa ce. Idan aka ƙara 30 a kan kowace lamba, ɗigon da yake 100 zai koma 130. Amma wanda yake 240 ba zai kai 270 ba, domin ma'aunin ya tsaya a 255. Haka ma wanda yake 230 zai tsaya a 255, bambancin da ke tsakaninsu ya ɓace ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa aikin da ke wuyan farar babbar riga yakan shafe idan aka cika wa hoto haske.

Ƙara bambanci tsakanin haske da duhu ninkawa ce. Ana auna tazarar kowace lamba daga tsakiya, wato 128, a ninka ta. Idan aka ninka da biyu, 148 za ta koma 168, ita kuwa 108 ta koma 88. Mai haske ya ƙara haske, mai duhu ya ƙara duhu. Juya hoto ya zama nagatif kuwa debewa ce: a cire kowace lamba daga 255.

Mayar da hoto baƙi da fari ya ɗan fi waɗannan dabara. Idon ɗan Adam ya fi jin kore, sannan ja, sannan shuɗi, don haka ba a raba su daidai wa daida. Wata sananniyar ƙa'ida tana ɗaukar kusan kashi 30 cikin ɗari na ja, da kashi 59 na kore, da kashi 11 na shuɗi. Ɗigon jikin tulu mai ja 200 da kore 100 da shuɗi 50 zai ba da 60 da 59 da 5.5, jimla 124.5, wato ruwan toka matsakaici.

Sauran maɓallan suna duba ɗigo ne tare da maƙwabtansa. Don hoto ya yi dishi-dishi, ana tara lambar ɗigo da ta gidaje takwas da ke kewaye da shi, a raba da tara. Manhajojin da ke sumulce fatar fuska irin wannan matsakaici suke ɗauka, sai dai suna kauce wa ido da leɓe da sauran wuraren da launi ya sauya kwatsam. Gano iyakokin abubuwa kuwa akasin haka ne. A jikin bango, ɗigo mai 200 yana iya zama kusa da mai 203, bambancinsu 3 ne kawai. Amma a inda tulu ya rabu da bango, 60 ce za ta zauna kusa da 200, bambanci 140. Idan manhaja ta sa baƙi a duk inda bambancin ya yi yawa, ta bar sauran fari, sai ga hoto ya koma kamar zanen fensir. Idan kuma ta rage matakan launi daga 256 zuwa huɗu ko biyar, sannan ta ɗora waɗancan baƙaƙen layuka a kai, sai ya fito kamar zanen barkwanci na jarida.

Na'urar Da Ta Koyi Salon Masu Zane

Duk abin da aka ambata a sama ƙa'idoji ne da mutum ya rubuta da hannunsa. Abin da ya mayar da tulun ɗalibar nan zanen fenti ya zo ne ta wata hanyar. A 2015 masana uku a jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus, Leon Gatys da Alexander Ecker da Matthias Bethge, suka yi amfani da wani tsari na ƙirƙirarriyar basira da aka gina a jami'ar Oksfod, wanda aka horar da shi da hotuna sama da miliyan ɗaya har ya iya bambance abubuwa iri 1,000. Tsarin hawa-hawa ne. Hawan farko yana gano gajerun layuka da launuka, na gaba yana haɗa su su zama kusurwoyi da zayyana, na can ƙarshe kuma yana gane surar abu gaba ɗaya.

Masanan suka lura cewa ana iya raba hoto gida biyu. Abin da ke cikinsa, wato mene ne kuma a ina yake, yana bayyana a hawa na sama. Salonsa kuwa ana iya auna shi ta hanyar ƙididdige waɗanne layuka da launuka ne suke yawan zuwa tare, ba tare da kula da inda suke ba. Sai suka ba kwamfuta hoton gidajen bakin kogi na garin Tubingen, da zanen dare mai taurari da Vincent van Gogh ɗan ƙasar Holan ya yi a 1889. Kwamfutar ta fara da hoton da babu komai a cikinsa sai dabbare-dabbare, ta yi ta sauya lambobinsa kaɗan-kaɗan, sau ɗaruruwa, har abin da ke ciki ya dace da hoton garin, salon kuma ya dace da zanen. Gidajen suka fito a ƙarƙashin sama mai murɗe-murɗen shuɗi da rawaya. Shekara guda bayan haka, a 2016, manhajar Prisma ta kawo irin wannan aiki cikin wayoyin jama'a.

Ya kamata a fahimci iyakar wannan na'ura. Ta kwaikwayi yadda buroshin Van Gogh yake tafiya, amma ba ita ta zaɓi abin da za a zana ba, ba ta kuma san dalilin da ya sa tulun ya cancanci kallo ba.

Ido Kafin Manhaja

Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manhaja tana aiki ne da lambobin da aka ba ta, abin da kyamara ba ta kama ba kuwa sai dai ta ƙago shi. Don haka rabin aikin yana ƙarewa ne kafin a taɓa maɓallin ɗauka. Hasken hantsi da na bayan La'asar yana zuwa ta gefe, yana fito da kaushin bango da zagayen tulu. Na tsakar rana kuwa daga sama yake dukan abu, ya bar baƙar inuwa a ƙarƙashin ido. A lokacin hunturu ƙurar hazo tana watsa haske, inuwa ta yi laushi, launuka su dushe. Goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, da matsawa kusa da abu maimakon jawo shi da yatsa, suna gyara hoto fiye da matatai da yawa.

Wajen gyara kuma akwai tsari. A fara da datsewa da miƙar da hoton, sannan haske da duhu, sannan launi, salon zane ya zo a ƙarshe. A riƙa ajiye hoton asali daban. Dalili shi ne tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana rage nauyin hoto ta hanyar yanka shi gida-gida masu ɗigo takwas sau takwas, ya zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. Duk lokacin da aka gyara hoto aka sake adana shi, ko aka tura shi ta manhajar da ke matse hotuna, wani abu yana raguwa wanda ba ya dawowa.

Tsakanin Ado Da Ƙarya

An ce gani ya kori ji, kuma darajar hoto ta ginu ne a kan wannan yarda. Wanda ya mayar da tulu zanen fenti bai yaudari kowa ba, domin duk mai kallo ya san ado ne. Matsala tana tasowa ne idan aka sauya hoto sannan aka gabatar da shi a matsayin shaida. A Tarayyar Sobiyet an goge Nikolai Yezhov daga hoton da ya ɗauka tare da Stalin bayan ya faɗi daga mulki. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna don su shiga bangonta, abin ya jawo mata suka. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai sun janye wani hoton iyali da fadar masarautar Birtaniya ta fitar, bayan sun gano an taɓa shi. A ɗaya gefen, a 2023 Bajamushen nan Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar hoto ta Sony, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta samar da abin da ya shigar, kuma ya yi haka ne don a tattauna bambancin.

Fuska ma tana da nata batun. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana aika wa masu wankin hoto katin gwaji mai hoton mace farar fata don su daidaita injinansu, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata dabam-dabam. A 2017 manhajar FaceApp ta nemi afuwa saboda maɓallinta na ƙara kyau yana haskaka fatar baƙaƙe. Na'ura tana koyon ma'anar kyau ne daga hotunan da aka horar da ita da su. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya samu karɓuwa a kasuwannin Afirka da dalilai da suka haɗa da daidaita kyamararsa da baƙar fata. Matashin da ya saba ganin fuskarsa a sumulce kuma a haskake a kan allo yana iya fara raina wadda yake gani a madubi. Irin wannan damuwa ce ta sa Faransa, tun daga 2017, ta wajabta rubuta sanarwa a jikin hoton talla idan an sauya surar jikin mai tallan.

Har ila yau, wasu manhajojin suna aika hoton ne ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a yi aikin a can. Ya dace mutum ya karanta izinin da manhaja take nema, kuma ya nemi yardar mai fuska kafin ya gyara hoton wani ko ya yaɗa shi.

Gwaji A Cikin Aji

Malami zai iya koyar da wannan darasi ko da babu waya a ajin. A zana jadawali mai gidaje takwas sau takwas a kan allo, a cika shi da lambobi daga 0 zuwa 9, ƙanana a tsakiya, manya a gefe. Kowane ɗalibi ya kwafa a takarda, ya shafe gidajen da fensir, sifiri ya fi duhu, tara a bar shi fari. Daga nan a raba ajin rukuni uku. Na farko su ƙara 2 a kowace lamba ba tare da wuce 9 ba. Na biyu su cire kowace lamba daga 9. Na uku su ɗauki matsakaicin kowane gida da maƙwabtansa. Idan aka jera takardun aka ja da baya aka duba, za a ga hoto mai haske, da nagatif, da mai dishi-dishi, duk daga alƙalamin ɗalibai.

Ɗalibar da ta ɗauki hoton tulu ta yi aiki biyu a yammacin nan. Ɗaya wayar ce ta yi mata: ta bi lambobi miliyan 36 ta sauya su cikin daƙiƙa. Ɗayan kuwa ita ta yi da kanta, lokacin da ta lura da hasken da ya sauka a kan abin da kowa a gidan yake wucewa bai kalla ba, ta zaɓi inda za ta tsaya, ta yanke abin da za ta bari da wanda za ta datse. Idan za ta nuna wa ƙawayenta sakamakon, abin da ya rage mata shi ne ta faɗa musu cewa zane ne da aka yi daga hoto, ta kuma ajiye na asalin a gefe don duk wanda ya so ganin tulun yadda yake.